Yadda Ake Shirya Gasar Ƙwallon Unguwanni a Katsina Idan Annoba Ta Ɓulla

Wannan bayani na matasan da aka ɗora wa nauyin shirya gasar cin kofi ne, irin wadda muke yi tsakanin unguwanni lokacin dogon hutu ko bayan Sallah, daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Ƙaura, har da ƙungiyoyin da ke shigowa daga Batagarawa, Rimi, Kaita da Jibiya. Na daɗe a cikin kwamitocin irin wannan gasa, kafin korona da bayanta. Yawancin abin da zan faɗa zai yi wa mai shirya dambe ko kokawa amfani, haka ma mai haɗa kowane taro da ke tara jama'a wuri ɗaya.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga farko. Minti 90 da ake yi ana guje-guje a buɗaɗɗen fili ba su ne babban haɗari ba. Haɗarin yana cikin motar da aka cusa 'yan wasa, da ledar ruwan da ke zagaya baki biyar, da turmutsutsun bakin ƙofa, da kocin da ya ɓoye ɗan wasansa mai zazzaɓi don kada a cire ƙungiyarsa.

Kayan da za ka tanada

- Bokiti mai famfo, aƙalla biyu a kowace ƙofa, ɗaya kuma kusa da kowane benci, da roba a ƙasa don tare ruwan da aka wanke hannu.
- Sabulu. Na ruwa ya fi, amma sabulun sanda da aka huda aka ɗaure da igiya ma ya wadatar.
- Sanitaiza mai ƙarfin kashi 60 cikin 100 ko sama da haka, domin teburin alƙalai da 'yan agaji.
- Ruwan Hypo ko Jik, da jarka biyu masu murfi, da maka ta rubutu.
- Na'urar auna zafin jiki da ake nunawa a goshi, da batir na ajiya.
- Takunkumin fuska da safar hannu, kwali-kwali.
- Igiya mai tsawo, turaku, da toka ko farar ƙasa don shata layi.
- Rumfa ɗaya ta daban, da tabarma ko benci, nesa da 'yan kallo.
- Babban littafin rajista da biro.
- Lasifika da mai sanarwa wanda ake jin maganarsa.
- Keke Napep ko mota ɗaya da aka yi ciniki da ita tun da wuri, tana tsaye har a tashi.

In kuɗi bai kai na bokiti mai famfo ba, samu jarka ka huda ta da ƙusa kusa da baki, ka rataye ta a sanda, ka ɗaura mata igiya zuwa wani ice a ƙasa. Mutum ya taka icen, jarkar ta karkata, ruwa ya zubo, ba wanda ya taɓa ta da hannu. In wannan ma ya gagara, a sa yaro ɗaya mai hankali ya riƙa zuba wa mutane da buta. Abin da ba a yi shi ne a ajiye baho cike da ruwa kowa ya tsoma hannu.

1. Fara da sanin wace cuta ce

Kada ka shirya komai bisa abin da ka gani a WhatsApp. Je sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen lafiya, ka nemi jami'in sa ido kan cututtuka. Kowace ƙaramar hukuma cikin 34 da ke jihar nan tana da shi, kuma aikinsa ke nan. Tambaye shi abu uku: wace cuta ce, ta wace hanya take kama mutum, kuma an same ta a unguwannin da ƙungiyoyinka za su fito? Karɓi lambarsa. Ka kuma ajiye 6232, layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa.

Amsar tambaya ta biyu ita ce za ta tsara maka sauran aikin. Korona, mura mai tsanani da ƙyanda ta numfashi suke bi, don haka maganinsu iska da tazara da takunkumi. Ƙyanda ta fi su saurin kamu, ƙwayarta kan kai awa biyu a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita, shi ya sa gasar 'yan firamare ta fi ta manya haɗari in ita ce ke yawo. Ƙyandar biri kuwa ta haɗuwar fata ce da tufafi da shimfiɗa. In ita ce, dambe da kokawa sun fi ƙwallo matsala nesa ba kusa ba. Lassa daga fitsari da kashin ɓera take farawa, ta shiga abinci, sannan ta bi jini da ruwan jikin majinyaci. Ebola ma ta ruwan jiki ce. Waɗannan biyun kan iya kwanciya a jiki har kwana 21 kafin su nuna kansu. Riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Sanƙarau da mashaƙo da kwalara ba 'yan gidan bairos ba ne, amma su ma taro ke ba su dama, kuma yawancin matakan nan suna aiki a kansu.

2. Yanke shawara: a yi, a rage, ko a ɗage

In gwamnati ta hana taro, magana ta ƙare, ka ɗage. Ba kai kaɗai ba ne. A Maris 2020 an dakatar da gasar Firimiyar Najeriya saboda korona, filin wasa na Muhammadu Dikko ya zauna ba kowa, kuma ba a ƙarasa kakar a fili ba, da lissafin maki aka rufe ta. Bikin wasanni na ƙasa da aka shirya yi a Edo a 2020 sai Afrilu 2021 aka yi shi. Wasannin Olamfik na Tokyo sun koma 2021, aka kuma yi kusan dukkansu ba 'yan kallo. Aikin Hajji kansa a 2020 mazauna Saudiyya kaɗan ne suka yi shi. A nan gida, bayan rasuwar wani likita a Daura a Afrilu 2020, wanda shi ne aka fara tabbatar wa cutar a jihar, an rufe garin baki ɗaya.

In ba a hana ba, kai da kwamiti za ku auna. Ga yadda nake aunawa. Cutar tana wata jiha, ba a ji ta nan ba: a yi gasa da 'yan kallo, da duk matakan da ke ƙasa. An same ta a jihar amma ba a garin ba: a yi, amma a janye gayyatar ƙungiyoyin da ke zuwa daga inda take, a rage 'yan kallo. Tana cikin gari, ana kwantar da mutane a asibiti: a ɗage. Wasu za su ce a buga ba 'yan kallo kamar Turawa. Filin makarantar da ba katanga ba ya hana kowa zuwa, da an busa usur za ka ga yara sun cika gefen layi. Sai in kana da fili mai ƙofa da za a iya rufewa.

Masu cewa ai cutar ba ta yi yawa ba tukuna, ka ba su labarin wasan Atalanta, ƙungiyar garin Bergamo a Italiya, da Valencia ta Sifaniya. Ranar 19 ga Fabrairu 2020 aka buga wasan a Milan, magoya baya wajen 40,000 suka taso daga Bergamo a motoci da jiragen ƙasa, Atalanta ta ci 4 da 1, aka yi ta rungumar juna. Kwanaki kaɗan bayan haka aka gane cutar ta riga ta shiga yankin. Cikin makonni Bergamo ta zama garin da korona ta fi yi wa ɓarna a Italiya, Valencia kuma ta sanar cewa kusan kashi 35 cikin 100 na 'yan wasa da ma'aikatanta sun kamu.

3. Rubuta dokar gasa kafin a jefa ƙuri'ar rukuni

Nan ne aikin yake, kuma nan ne sababbin masu shiri suka fi yin sakaci. Koci ba ya ɓoye maras lafiya don mugunta. Yana ɓoye shi ne don dokar gasar ta ce wanda bai fito fili ba an ba abokin karawarsa ci uku, ga kuɗin rajista ya biya, ga unguwa ta zuba masa ido. Muddin faɗin gaskiya zai jawo masa asara, ba zai faɗa ba. Aikinka shi ne ka gyara doka ta yadda faɗin gaskiya zai fi ɓoyewa sauƙi.

Tara masu ƙungiyoyi duka, a rubuta waɗannan, kowa ya sa hannu:

Ƙungiyar da ta kawo rahoton rashin lafiyar 'yan wasanta da kanta, ana ɗage mata wasa, ba a cire mata maki. Wadda aka kama ta saka ɗan wasa alhali ta san yana da zazzaɓi, an cire ta daga gasar, ba roƙo. A ƙara yawan 'yan wasan da kowa zai yi wa rajista, a ce 25 maimakon 18, kuma lallai a samu masu tsaron gida uku. A fayyace mafi ƙarancin 'yan wasa masu lafiya da za a iya buga wasa da su. A rubuta abin da za a yi da kuɗin rajista da kofin in an tsaya a tsakiya: za a ci gaba daga inda aka tsaya, ko za a mayar wa kowa wani kaso. A kuma ambaci mutum ɗaya, ma'aikacin lafiya, wanda in ya ce wane ba zai buga ba, ko shugaban kwamiti ba zai tayar da maganar ba.

Maganar masu tsaron gida uku ba ƙari ba ce. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kamaru a Janairu 2022, dokar CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ta ce muddin ƙungiya tana da mutum 11 masu lafiya sai ta buga, ko ba gola. Haka Komoros ta shiga zagaye na biyu da mai masaukin baƙi, korona da rauni sun raba ta da masu tsaron gidanta, ɗan baya ne ya tsaya a raga, aka ci su 2 da 1. A ganina wannan doka ba ta yi adalci ba, kuma a gasar unguwa irinta ce ke sa a ɓoye ciwo.

Ka bar ranaku biyu ko uku a jadawali ba wasa, domin wasannin da aka ɗage. In lokaci ya ƙure, sauya tsarin daga rukuni zuwa sili-ɗaya-ƙwale. Wasanni sun ragu, taruwa ta ragu.

4. Je wurin manya da ƙafarka

Mai unguwa, limamin masallacin Juma'a da ke kusa, shugaban makarantar da ta ba ku fili, 'yan sanda, Hisba da 'yan agaji. Ka je da takardar dokar a hannu. In ka isa wurin mai unguwa ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da muka tsara, muna neman a sa mana albarka, a kuma ja kunnen yara." Kalma ɗaya daga bakin liman bayan sallah ta fi sanarwarka goma a lasifika. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a Kusada a ƙarshen Maris 2020, inda rikici kan dakatar da sallar Juma'a ya kai ga ƙona ofishin 'yan sanda, ya san illar dokar da ta sauko wa mutane ba tare da an zauna da su ba.

Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne mai kofin. Sau da yawa ɗan siyasa ne ko ɗan kasuwa da ya sa kuɗinsa don a ga taro, kuma taron ne kake son ragewa. Na taɓa aiki da wani da ya yarda da komai a zaure, ranar wasan ƙarshe sai ga shi da motoci cike da magoya baya da makaɗa, aka ture igiya, aka tattake bokitan. Tun daga ranar da ka karɓi kuɗinsa ka gaya masa adadin mutanen da zai zo da su, kuma shi ma ya sa hannu a takardar.

5. Tsara fili, musamman ƙofa

Shata layi da toka kamar taku biyar daga gefen fili, ka kafa turaku ka ja igiya. 'Yan kallo bayan igiya, kowace unguwa da ɓangarenta. Bencin 'yan wasa a ɗaya gefen. Masu sayar da rake, awara, fura da ruwan leda a jere su can baya da tazara, kada su taru a bakin shiga. In Lassa ce ake fama da ita, duk abincin da ba a rufe ba kada ya shigo.

Ƙofa kuwa, a kula. Auna zafi da wanke hannu suna rage saurin shiga, mutane su taru a baya suna turawa, sai ka ga matakin da ka ɗauka don kare su ya matse su jiki da jiki. A wancan wasa na Kamaru da Komoros, mutum takwas ne suka mutu a turmutsutsun ƙofar filin Olembe. Don haka buɗe ƙofa awa biyu kafin wasa, ka yi layi biyu ko uku, na mata da yara daban, kuma ƙofar fita ta bambanta da ta shiga. In ka ga layi ya cushe ana dannawa, dakatar da aunawa ka bari a wuce. Numfashin mutane a lokacin ya fi awon muhimmanci.

Na'urar auna zafi ba ta son rana. A zafin Afrilu na Katsina, in ta kwana a hannun yaro cikin rana, ko aka nuna ta a goshin wanda ya sauko daga babur, za ta ba ka lambar banza. Mai aunawa ya tsaya a inuwa. Wanda ta nuna digiri 38 ko sama, a zaunar da shi a inuwa minti goma a sake. In babu na'urar, a tambaya da baki kuma a duba da ido: tari, jan ido, ƙuraje, kasala. Ka sani kuma awon ba ya kama kowa, akwai mai ɗauke da cuta da jikinsa bai yi zafi ba.

6. Haɗa ruwan kulorin

Duba jikin robar Hypo ko Jik ɗin. In an rubuta kashi 3.5 cikin 100, ga awon. Gwangwani ɗaya na Hypo, gwangwani shida na ruwa: wannan shi ne mai ƙarfi, na wanke jini, amai da bayan gida. Rubuta MAI ƘARFI a jarkar. Daga cikinsa ɗebi gwangwani ɗaya ka zuba a gwangwani tara na ruwa: wannan shi ne mai sauƙi, na wanke hannu in sabulu ya yanke. A haɗa sabo kullum, a ajiye a inuwa da murfi, domin rana na kashe ƙarfinsa. Kada a gauraya shi da wani maganin wanke banɗaki, yana tayar da hayaƙi mai sarƙe numfashi. Kada kuma a fesa wa mutane a jiki, ba ya hana komai, ido da fata kawai yake ƙonawa.

7. 'Yan wasa

Mota ita ce ta farko. An saba a ɗauko bas ɗaya a cusa 'yan wasa da magoya baya har bakin ƙofa, ana waƙa ana ihu tun daga Jibiya. A raba su mota biyu, gilashi a sauke, magoya baya su nemi tasu. In ba kuɗin mota biyu, a-kori-kura mai buɗaɗɗen baya ta fi bas rufaffiya in cutar ta numfashi ce. Na cikin gari su zo da ƙafa ko babur, sanye da kayan wasansu, kada a shiga aji ɗaya a rufe ƙofa ana canza kaya. Jawabin koci a yi shi a gindin bishiya.

Sai ruwa. Ka lura da hutun rabin lokaci: ɗan wasa ya fasa leda da haƙori, ya kurɓa, ya watsa saura a ka, ya miƙa wa na kusa. Kafin a koma fili leda ɗaya ta bi baki huɗu. Sayi ruwa isasshe ta yadda ba mai buƙatar na wani, ka sa yaro ɗaya mai safar hannu ya riƙa miƙawa, wani ya bi da buhu yana kwashe ledojin. Lemun zaƙi da ake yankawa a faranti ɗaya kowa ya sa hannu, a ba kowa nasa guda.

Riga ba a musanya ta. Ɗan canji ya shigo da tasa, kada ya karɓi jiƙaƙƙiyar wanda ya fito, haka safa da tawul. In rigunan ba su kai ba, a ari na ƙungiyar da ba ta da wasa ranar, wankakku. Kowane alƙali da usur ɗinsa. Gaisuwar kafin wasa a yi ta da ɗaga hannu. Murnar cin ƙwallo ba za ka iya hana ta ba, amma ka roƙi kyaftin-kyaftin su hana a danne mutum ɗaya a ƙasa, kuma 'yan agaji su tsare igiya kada 'yan kallo su kwararo.

Wanda ya ji rauni har jini ya fita, mai safar hannu kaɗai zai taɓa shi.

8. In an samu mai zazzaɓi

Kada a yi masa ihu, kada a kira sunansa a lasifika. Mutum ɗaya mai takunkumi ya ba shi nasa takunkumin, ya raka shi rumfar da aka ware. A rubuta sunansa, unguwarsa, da waɗanda suka zo mota ɗaya da shi. A kira jami'in sa ido, a bi abin da ya ce. In akwai jini daga hanci ko baki, ko amai ba ƙaƙƙautawa, kada a saka shi a motar haya, a jira ma'aikatan lafiya.

Yawancin zazzaɓin da za ka gani, musamman da damina, na cizon sauro ne, gwajin minti ashirin zai nuna. Faɗa wa mutane haka tun farko don kada a riƙa gudun wanda aka kai rumfa. Amma ko na sauro ne, ba zai buga ba. Ɗan wasan da ya tashi daga ciwon bairos kuma kada a mayar da shi fili rana ɗaya. Ya fara da sassarfa, a ƙara a hankali. In ya ji ciwon ƙirji, bugun zuciya ko haki da ba na gajiya ba, ya tsaya ya ga likita, domin irin waɗannan cututtuka kan taɓa tsokar zuciya.

In mutum biyu ko uku daga ƙungiya ɗaya suka kwanta cikin 'yan kwanaki, dakatar da wasanninta da na wadda ta kara da ita a ƙarshe, har jami'in ya ba da izini.

9. Wasan ƙarshe da abin da ke biyo baya

Duk taron da ka gani a baya, ranar ƙarshe zai ninka. Ƙara ƙofa, ƙara bokiti, ƙara 'yan agaji. Rage jawabai, a miƙa kofi ga kyaftin shi kaɗai, lambobin yabo a jera su a tebur kowa ya ɗauki nasa. A tashi da sauran rana, a sallami ɓangare ɗaya kafin ɗaya. Zagayen gari da kofi a kan babura shi ne inda duk tsarinka ke warwarewa, don haka ku yi yarjejeniya da ƙungiyoyin biyu tun kafin wasa cewa za a kai kofin gidan mai unguwa washegari da 'yan wasa kawai. Ka kuma leƙa masu gidajen kallo da ke kusa, domin bayan an tashi can matasan ke komawa su cika rumfar kwano ba taga. Roƙe su su ɗage labule su rage benci.

Littafin rajista kada ka yar da shi. A cikinsa akwai sunan kowane ɗan wasa, koci, alƙali da mai aikin ƙofa, da lambar waya, da ranar da kowa ya zo. Ajiye shi kwana 21 bayan wasan ƙarshe. Duk bayan kwana uku ka kira masu ƙungiyoyi ka tambayi lafiyar yaransu. In wani ya kwanta a cikin kwanakin nan, ka ɗauki littafin ka kai wa jami'in sa ido da hannunka, ka nuna masa shafin ranar da yaron ya buga da sunayen waɗanda suka zo mota ɗaya da shi.